Igiyar Haske ta Alhaji Audi

A shekarar da soja suka koma bariki aka daina sata a Agege. Ba gwamnati ce ta hana ba, ba kuma wa'azi ba. Alhaji Audi mai goro ne ya hana, da wasu baƙaƙen akwatuna biyu da ya aika aka sayo masa a kasuwar Alaba. Shi da bakinsa ya sanar da haka, kuma don kada tarihi ya manta, daga baya ya sa aka ƙera masa allon farin ƙarfe mai sheƙi, tun daga ƙasa har ya wuce tsayin mutum, aka kafe shi a bangon sito dab da ƙofa. A jikinsa aka rubuta: WANNAN SITO YANA DA IDON DA BA YA BARCI. An rubuta da Hausa, an rubuta da Yarbanci, an rubuta da Turanci, domin Alhaji adali ne, ba ya son wani ɓarawo ya ce ba a gaya masa da yarensu ba.

Akwatu ɗaya tana kusurwar gabas ta farfajiyar, ɗaya tana yamma, kowace a kan ɗan turke daidai gwiwar mutum. Tsakaninsu, kamar taku biyu daga bango, akwai igiyar haske da ido ba ya gani. Duk wanda ya gitta ta, jiniyar da ke kan rufi za ta kwarma ihu har a jiyo ta a tashar jirgi. Goro ba ya son zafi, don haka da rana a buɗe ake barin ƙofar sito. A da mai gadi ke zama a bakinta in an tafi salla. Alhaji ya sallame shi, ya ce na'ura ba ta cin tuwo, kuma ba ta da uwar da za ta rasu a Gumel sau biyu a shekara. Yanzu in an kira salla sai ya murza ɗan makullin da yake ratayawa a wuya, koriyar fitila ta kama, kowa ya tafi.

Wata Juma'a cikin damina aka sauko daga masallaci aka tarar babu huhu biyu na daushe, goron da ya fi kowane daraja a siton. Koriyar fitila tana ci. Jiniya ko tari ba ta yi ba.

Kafin la'asar duk unguwa ta hallara a farfajiyar, kowa da ra'ayinsa. Abba, ɗan yayar Alhaji, wanda ya haura shekara talatin yana riƙe da muƙamin mai kula da sito ba tare da an taɓa kama shi yana kula da komai ba, shi ya nuna wa jama'a sawun ƙananan ƙafafu a cikin taɓo.

"Kawu, ai magana ta fito," in ji shi. "Igiyar nan a gwiwa take. Duk Agege wa zai wuce ta ƙarƙashinta bai taɓa ta ba?"

Kowa ya juya wajen Talle.

Talle mai gyaran takalma ne. Shan inna ya shanye masa ƙafafu tun yana yaro, yana yawo a kan wani katako mai ƙafafun boris huɗu, yana tura kansa da hannuwa sanye da silifa. Rumfarsa tana bakin ƙofar farfajiyar tun kafin Alhaji ya zama Alhaji. Da ita yake ci da mata da 'ya'ya, kuma a Legas gurbi irin wannan, in ya kuɓuce, ba a sake samun sa.

Malam Muhammad Sani, mai unguwa, ya hana a taɓa shi. Ya ce a ba shi zuwa la'asar ta Lahadi. In gaskiya ba ta fito ba, a rushe rumfar, a miƙa Talle ga 'yan sanda. Sannan ya aika kara, kasuwar shanu, a kira Idrissa.

*

Idrissa mutumin Tawa ne, daga Nijar. Ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun raƙuman da aka sace, ya taɓa bin wata taguwa har bakin iyakar Mali, labarin da yake bayarwa ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Fari ya koro shi Legas, inda yake nemo wa mahauta shanun da suka tsinke. Yana ƙin garin saboda kwalta. Ya ce ƙasar da ba ta riƙe sawu ba ta da amana.

Ya tsaya a bakin farfajiyar ya dubi abin da ƙafafu ɗari suka yi wa taɓon.

"Lalle kun taimake ni," ya ce. "Da kun kawo shanu sun bi ta kai, da aikin ya cika."

Ya bi gefen kwata inda jama'a suka ƙi takawa saboda ƙazanta. A nan sawun ya tsira: layi biyu na boris, sun nutse sosai wajen fita, sun yi sama-sama wajen dawowa. Ya tsuguna ya daɗe. Sawun ya kai bakin kwalta ya mutu, kamar yadda komai yake mutuwa a garin nan.

"Alhaji, ranka shi daɗe, Talle da mi yake tura katakonsa?"

"Da hannu mana."

"To ina hannun? Ga ƙafa, ga ƙafa, babu silifa ko guda ga gefe. Kwalekwale ya tafi babu mai tuƙi."

"An tattake," in ji Alhaji.

"An tattake silifa, an bar boris. To, mu bar wannan. Huhun goro, in an aza shi bisa katako, ina yake kai wa mutum?"

Wani ɗan dako ya nuna cinyarsa.

"Ke nan ko Talle ya kwanta ya zama tabarma, goron bai kwanta ba. Ya ratsa igiyarka tsaye, sau biyu, ba ta ce uffan ba. Wanga abu naka, a kashe yake."

Alhaji ya zaro makullin daga wuyan rigarsa ya ɗaga shi sama kamar mai rantsuwa. Da hannunsa ya murza, a gaban shaidu, kuma fitila ta kama. Na'urar Turawa ba ta ƙarya. In akwai mai ƙarya, to yana numfashi.

*

Idrissa ya sami Talle a rumfarsa, ya kifa katakon a cinya yana duba wata ƙafa da ta lanƙwashe. Takalman da aka ba shi gyara da safe duk an zo an karɓe, har da waɗanda bai gama ba.

"Ina kag ga liman ya yi sallama?" in ji Idrissa.

"A inda nake salla kullum, Malam Idi. Can ƙarshen sahu, wajen shagon mai taya, cikin 'yan dakon kasuwar Mile 12. Yau waɗannan ne, jibi waɗancan. Wa ya san ni da zai tsaya mini?"

"Katakon fa?"

"Ai ba na kai shi sahu. Ƙafar da ta bi kwatar Agege za ka kai kusa da tabarmar mutane? Cikin takalma nake barin sa, a bakin lungu, in ja jiki in ƙarasa. Yau na fito na tarar an juya shi, ga ƙafa ta karkace. Na faɗa musu, suka ce to me zan ce dama."

A gaban katakon akwai 'yar igiya da Talle yake jan sa da ita in zai hau dakali. Idrissa ya ga ta yi wani baƙi-baƙi mai toka-toka. Ya kai hanci. Wari mai kaifi, kamar kananzir da aka gauraya da wani abu.

"Man takalminka ya ɓata ta."

Talle ya dube shi kamar an zagi mahaifinsa.

"Wannan? In na shafa wa takalmin mutum wannan, ai da gaskiyarsu su rushe rumfar."

Idrissa ya ajiye warin a ransa, ya tashi. Ya riga ya san ɓarawonsa. Wanda ya ɗaura igiya shi ya san kwance ta.

*

Shamsu, wanda ya kafa na'urar, haifaffen Agege ne, ya yi karatun lantarki a Yaba. Shagonsa bai fi kabari faɗi ba, cike da rediyoyin da aka farke wa ciki. Kwana biyu ke nan da dawowarsa daga wani aiki a Apapa, kuma labari ya riga Idrissa isowa.

"Baba, sannu da zuwa. Na san ni ne na biyu a layi."

"Ɗan lakwal, ko ɗan boko yadda kuke cewa, ba ni son doguwar magana. Wa ka koya wa kwance igiyar?"

"Wace igiya? Abeg, Baba, zauna." Ya janyo masa kujera, ya ɗauki rimot ɗin talabijin, ya danna. Talabijin ta kama. "Ka ga wani abu ya fita daga nan?"

"Ban gani ba."

"Amma ya fita. Haske ne, sai dai idonmu ba ya kama shi. Infared ake ce masa. Yanzu sa hannunka a gaba." Idrissa ya sa. Shamsu ya danna, talabijin ta yi biris. "Shi ke nan duk sirrin. Akwatun gabas tana aika haske irin wannan ba tsayawa, ta yamma tana karɓa. Muddin yana isa, shiru. Da zarar wani abu ya tare, ta ga ɗan'uwanta ya ɓace, sai ta sa jiniya kuka. Ba ta san ɓarawo ba, Baba. Ba ta san Alhaji ba. Kewar ɗan'uwanta kawai ta sani."

"In an ɗauke wuta fa? Yau ma an ɗauke."

"Wace rana ce ba a ɗauke ba? Akwai batir. In ya mutu fitila ba za ta ci ba. In ka yanke waya, kuka. In ka juya akwatu, kuka. In ka toshe ta da ganye, kuka. Ni da na sa ta, babu yadda zan wuce sai da makullin oga."

Idrissa ya dube shi da kyau. Ya san idon mai ƙarya, a mutum da a dillalin raƙumi. Wannan idon mai tsoro ne. Alhazai da yawa suna jiran su ga yadda na Alhaji Audi zai kaya kafin su kira yaron aiki.

"To mi ya sa ta yi shiru?"

"Wallahi da na sani da hankalina ya kwanta. Tunda na kafa ta oga ya ce kada in sake taɓa masa kaya. Ban ma koma wurin ba."

Idrissa ya fito da ɓarawo ɗaya ƙasa da yadda ya shiga. Abin ya ɓata masa rai, don ya riga ya shirya jawabin da zai yi.

*

Asabar da safe ya koma farfajiyar shi kaɗai. Mutane sun gaji da kallo, ƙasa ta samu ta yi magana. A bakin ƙofar sito, cikin busasshen ganyen da ake naɗe goro, ya ga kashin akuya. Wani sabo, wani ya bushe, wani ya fara komawa ƙasa. Ƙananan kofatai sun shigo daga ɓarakar katanga, sun ratsa tsakanin akwatunan kai tsaye, kamar hanyar gidan uban mai su.

Bayan katangar Mairama ce ke sayar da koko da ƙosai, bazawara mai baki kamar reza. Akuyarta tana ɗaure a gindin tebur tana tuƙa, da fuskar wadda ba ta taɓa aikata laifi ba.

"Hajiya, wagga baiwar Allah tana shiga siton Alhaji."

"Malam Idi, in an rasa ɓarawo sai a koma kan marayu? Ta ɗauki huhu biyu a ka, ko?"

"Yaushe take shiga?"

"Lokacin salla mana, da ba kowa. Tana da hankali, ba kamar wasu ba." Ta zuba masa koko bai tambaya ba. "Da farko kam mun ga tashin hankali. Ana tayar da kabbara, sai ka ji wiii, kamar an zo kama gwamna. Liman ya rikice a Fatiha. Alhaji ya zo nan yana kumfa, wai zai sa a yanka ta. Na ce ya yanka, ni kuma in kai shi har kotun Ikeja."

"Sai kinka ɗaure ta."

"Na ɗaure ta, ta cinye igiyar. Abin nasa ne ya gaji ya yi shiru. Alhaji yana ta yawo yana cewa ɓarayi sun ji tsoro, har dabbobi sun shiga taitayinsu. Ni dai na ja bakina."

"Tun yaushe ya yi shiru?"

Ta yi tunani, ludayi a hannu. "Tun ranar da aka kafa wancan madubin nasa, da ake ta rabon alawa. Sau ɗaya kawai ya sake yi, washegarin ruwan nan da ya cika kwata ya fantsama wa allon taɓo. Ranar kam Abba ya fito daga barci kamar an watsa masa wuta. Ka san a bayan sito yake sallarsa, a kwance. Tun daga nan kuma Allah ya shirye shi. Kullum da safe yana nan da tsumma da ɗan gwangwani yana goge allo. Yaron da ko bakinsa ba ya gogewa in ya sha kokona."

Idrissa ya ajiye kofin. Ya zagaya ya tsaya gaban allon. Fuskarsa ta dube shi daga ciki, da rawani da furfura, tsakanin BA YA da BARCI. Ya kai hanci kusa da ƙarfen.

Warin igiyar Talle ne.

Ya san wa. Bai san ta yaya ba, kuma ya san Alhaji ba zai sayar da ɗan yayarsa a kan warin gwangwani ba. Ya haɗiye girman kansa, wanda ba ƙaramar loma ba ce, ya koma shagon Shamsu.

"Injiniya, jiya na yi maka rashin adalci. Taso ka ga wani abu, ni ya fi ƙarfina."

Shamsu ya tsaya a bakin farfajiyar. Ya dubi akwatun gabas, ya dubi ta yamma, ya dubi allon da yake tsakiyarsu yana walƙiya. Sai ya ɗora hannu biyu a ka ya ce wani abu da Yarbanci wanda Idrissa bai nemi fassararsa ba.

A hanyar fita Idrissa ya lura da wani abu kuma: ɗigon ruwa, jere, daga famfo zuwa bayan sito, inda wata matacciyar motar haya, danfo ta Alhaji, take zaune a kan duwatsu. Ya bi shi da ido kawai, bai bi shi da ƙafa ba.

*

Ranar Lahadi bayan la'asar mai unguwa ya zauna a kan benci, Alhaji a kan kujerarsa, Abba a tsaye bayansa. Talle yana gefe, a ƙasa, don katakon ya daina tafiya. Matarsa Hassana tana tsaye can nesa da goyo. Mairama ta zo da akuyarta ba tare da an gayyaci ko ɗaya daga cikinsu ba.

"Alhaji, murza makullinka," in ji Idrissa.

Ya murza. Fitila ta kama.

"To, bismilla. Shiga sitonka."

"Kana so in kurmantar da jama'a?"

"Sun yafe."

Alhaji ya tattara babbar rigarsa, ya taka a hankali kamar mai shiga ruwan sanyi. Ya wuce tsakanin akwatunan. Ya kai ƙofa. Ya shiga. Babu abin da aka ji sai wani kwandastan danfo can a titi yana kiran Oshodi.

"An lalata mini ita!" ya faɗa daga ciki. "Wannan yaron ne!"

"Oga, lafiyarta ƙalau," in ji Shamsu. "Hanya ce ta zama biyu. Hasken da ke fitowa daga gabas ba siririn zare ba ne, yana bajewa kamar na tocila. Da can abin da ya bugi bango, bango ya shanye. Yanzu yana bugun allon nan, ya karkato, ya faɗa wa ta yamma ta gefe. In ka tare ta gaba, ta madubi tana isa. Ka ƙara taku biyu ka tare ta madubi, ta gaba ta riga ta buɗe. Ita kuwa muddin tana ganin ɗan'uwanta, ko ta taga ce, ba ruwanta."

Ya ɗauki jiƙaƙƙen buhun goro ya lulluɓe allon.

"Oya, oga, fito."

Alhaji ya fito. Jiniya ta tsage sama. Akuya ta tsinke, jaririn Hassana ya fashe da kuka, Alhaji ya yi tsalle irin wanda bai yi ba tun zamanin Shagari yana takara. Sai da ya lalubo makulli aka sami jin kunne. Shamsu ya roƙe shi ya sake kunnawa, don a ga ba sa'a ba ce. Ya kunna.

"To," in ji mai unguwa, yana sosa kunne. "Mun ji ta yaya. Saura wa."

"Wanda ya san ta mutu," in ji Idrissa. "Duk unguwa tana kewaye wagga igiya kamar kabarin waliyyi. Biyu kaɗai sunka san babu komai: akuyar Hajiya, da wanda yake kwance bayan sito lokacin salla yana kallon ta tana shiga. Da taɓo ya rufe allo, jiniya ta tashe shi daga barci. Ya goge, ta yi shiru. Bai je lakwal ɗin injiniya ba, amma mai son barci ya fi kowa bincike. Ran Juma'a masu baro sun ɗaure barorinsu da sarƙa, shi kuwa wuyansa bai san kaya ba. Sai ya tuna akwai katako cikin takalma." Ya ɗaga igiyar katakon. "Malam, shinshina wannan. Sannan ka shinshina allo. Sannan, in ba ka ƙyama, hannun Abba."

Abba ya tura hannuwansa cikin aljihu.

"Kawu, yanzu goge allonka ya zama laifi? Don martabarka nake yi!"

"Martabata," in ji Alhaji a hankali. Ana iya ganin yana son ya yarda.

"Akwai saura," in ji Idrissa. "Daushe yana son yayyafi, in ba haka ba shi bushe shi yi asara. Tun shekaranjiya Abba yake zarya da buta zuwa bayan sito. Na ga alwala da yawa, Alhaji, ban ga salla ba. Kaya sun fita har kwalta don sawu shi ɓace, sun zagayo ta baya. A leƙa cikin danfo."

'Yan dako biyu suka nufi bayan sito. Abba bai jira dawowarsu ba. Ya zabura ya yanki hanya mafi kusa zuwa ɓarakar katanga, hanyar akuya, wadda ya saba ganin ba ta da haɗari. Ya manta da buhun da ke kan allo. Jiniya ta kwarma, ya firgita, santsin taɓo ya kwashe shi, ya zauna daɓas a gaban Mairama.

Alhaji Audi ya miƙe tsaye. Ya dubi ɗan yayarsa a ƙasa, ya dubi huhunan da ake fitowa da su a jiƙe shar, ya dubi jama'a. Sannan ya ɗaga murya sama da ta jiniya.

"Kun gani? Me na gaya muku? Ba ya barci!"

*

Ba a kira 'yan sanda ba, tunda ɓarawon ya zama na gida. An sa Abba a motar goro mai zuwa arewa, aka ce ya tafi duba gona. Kafin sati ya zagayo alhazai uku sun kira Shamsu ya kafa musu irin na'urar da ta kama ɓarawo a gaban mai unguwa, ya kuma gindaya musu sharaɗi ɗaya: in za a yi allo, a yi na katako.

Alhaji bai ba Talle haƙuri ba, domin ba a san shi da wannan ciwon ba. Amma washegari ya aiko da takalmansa kaf a buhu, har da sababbi, wai a duba masa su. Ya kuma ce a cire allon a kai wa Talle ya yi rufi, don dama ya lura rumfar tana yoyo. Har yanzu in mutum ya zauna jiran takalminsa ya ɗaga kai, zai karanta cewa yana ƙarƙashin idon da ba ya barci, cikin harsuna uku.

Katakon ne babu wanda ya tuna da shi. Nauyin daushe ya fasa boris biyu ya lanƙwasa ƙarfen gindi. Kwana biyu Talle yana jan jiki cikin taɓo daga gida zuwa rumfa, yana amsa barka da arziki daga mutanen da suka karɓe takalmansu ran Juma'a.

Ladan Idrissa ƙwaryar goro ce, daga cikin daushen da aka ceto. Alhaji ya miƙa masa ita a gaban mutane, tare da jawabi a kan amfanin ilimin zamani. Idrissa ya yi godiya, ya saɓa ƙunshin, ya biya ta rumfar Talle ya ce a ba shi aron katakon, akwai wani sawu da yake son ya ƙara dubawa.

Bai tsaya ko'ina ba sai gindin gadar jirgi, wajen Baba Lasisi mai walda. Tsohon ya juya katakon, ya yi tsaki, ya ce ƙafa huɗun duka za a sauya, da ƙarfen, kuma boris ya yi tsada tunda farar hula suka hau.

Idrissa ya kwance ganyen ya tura masa ƙunshin. Baba Lasisi ya ɗauki ɗaya, ya fasa, ya ɗanɗana, ya lumshe ido.

"Wa zan ce ya biya, in ya tambaya?"

Idrissa ya ɗauki ɓari guda daga wanda aka fasa, ya jefa a baki, ya gyara rawaninsa.

"Ka ce na'ura ce," ya ce. Ya tsallaka kwata, ya hau kwalta, ya nufi kara.